Kofin da Na Fasa a Carbondale

Ambaliya ce ta tono su.
Ruwa ya cika ɗakin ƙasa na gidan Dale Huckaby
shekara uku bayan an kai shi makwanci.
'Yarsa Tessa na kwashe jiƙaƙƙun tarkace
sai ga kwalin takalmi can saman kanta,
kaset goma sha ɗaya, an ɗaure da zare,
rubutun ubanta a jikin kowanne: Alhamis, Alhamis, Alhamis.

Ni ban taɓa kiɗa ba.
Ɗalibi ne ni daga Funtuwa, mai karatun aikin gona,
kuɗin gwamnati ya maƙale a hanya wata bakwai,
na koma wanke kofuna a mashayar bakin dogo.
Abin da ban taɓa kai wa baki ba
shi ya riƙa biya mini kuɗin ɗaki.

Su huɗu ne, Karnukan Dogo suke kiran kansu.
Dale a kan ganga, gumi har cikin safa,
Wendell mai jita, da rana gyaran firji yake yi,
Marcy, wadda hayaƙin taba ya dushe mata murya,
sai Gene, zanƙalele, da babbar jitarsa mai gurnani,
ba ka jin bakinsa sai in ya yi atishawa.
Ladansu dala arba'in da ragowar tukunya.
In jirgin goma da kwata ya ratsa gari
ba sa dakatawa, binsa suke yi,
Dale ya kwaikwayi takun ƙarafunsa har ya ɓace.

Ba su je ko'ina ba.
Wani mai kamfanin faifai ya ce zai zo daga Chicago,
Marcy ta sayi jan takalmi dominsa,
ran nan dusar ƙanƙara ta toshe hanya,
suka yi wa mutum tara wasa, har da ni.
Garin jami'a kuwa kamar tasha yake,
shekara huɗu ya sauke waɗannan, ya lodi wasu
da ba su san an taɓa yinka ba.

Yanzu ga mu, bayan shekara arba'in.
Mashayar ta zama shagon gyaran waya,
sai a ɗakin karatun gari aka jera kujeru.
Yara masu zobe a hanci sun wanke kaset ɗin
kamar mai wankan jariri,
suna cewa taska ce, suna tambayar sunan kowace waƙa.
Wendell ya zo, hannunsa na rawa a kan sanda.
Gene ya riga mu.
Marcy na gidan tsofaffi, ba ta gane 'ya'yanta,
amma an ce in an kunna mata sai ƙafarta ta motsa.

Tessa ta samo ni ne ta bayan wani kaset:
daren da Tanimu ya fasa kofi.

Aka kunna.
Zaren ya yi tsaki, ya yi tari, sannan ganga ta shigo,
ga hayaniyar mutanen da rabinsu ke ƙarƙashin ƙasa,
ga wani yana neman canjinsa,
ga jirgi can nesa.
Minti na goma sha tara, daidai inda Marcy ke jan numfashi,
tas!
Sai muryar wani yaro daga bayan kanta,
siririya, cike da tsoron kora,
ta manta a wace ƙasa take, ta ce: kash!
Marcy ta fashe da dariya a tsakiyar baiti,
ta kira sunana, ba daidai ba, kamar kullum,
Dale ya buga faranti ya amsa wa kofin.

Wata yarinya kusa da ni ta raɗa wa ƙawarta
cewa nan wurin ta fi so,
tana zaton da gangan aka shirya shi.
Ban gyara mata ba.

Senti hamsin mai gida ya yanke mini a daren.
Na sayi gida tun daga nan, na sayi motoci sun mutu,
ban taɓa biyan kuɗin abin da ya yi ƙarko haka ba.